Hannuwa a Bakin Jirgin Mande

Ranar Talata ce, ƙarshen damina. Gero ya nuna, dawa ta fi tsawon mutum, gulbi ya cika ya batse. Na tashi da asuba na kama jan zakaran nan da ya dame mu da cara, na ɗaure masa ƙafa. Matata Rifkatu tana jego, kwananta goma sha ɗaya da haihuwa, ungozoma kuma ta ce a yi mata farfesu mai yaji. Ɗan da ta haifa shi ne na huɗu. Ukun farko duk mun binne su tun suna goye. Wannan kuwa ya zo da ƙiba da ƙarar murya, har nake jin tsoron yin murna a fili.

Sunana Ayuba. Ni ne mai bishara na 'yar majami'armu. Gida bakwai ne kacal na masu bi, sauran garin duk Musulmi ne. Iyayenmu sun zo daga wajen Zuru neman ƙasar noma tun ba a haife ni ba. Ƙauyen yana ƙasar Bukkuyum, tsakanin Zugu da gulbi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kowa a cikinsa yanzu.

Ƙarfe bakwai na ɗauki zakaran na shiga gidan maƙwabcina Malam Hamidu. Haka muka tashi muka tarar ana yi. Kirista a garinmu ba ya yanka da hannunsa. Ko kaza ce, ko akuyar Kirsimeti, Musulmi ake kai wa ya yanka, domin in an dafa a miƙa wa maƙwabta kwano su ci babu shakka a ransu. Mahaifin Hamidu ya yanka wa mahaifina. Hamidu ya yanka mini shekara goma sha tara. Na kai arba'in da biyu a duniya ban taɓa sa wa abu mai rai wuƙa ba.

Ya fito yana wasa wuƙa a dutse, yana murmushin tsokana.

"Malamin coci, yau ma ni ka ɗaukam maka alhakin zakara? Kai dai cinya kaɗai kas sani."

Na ce masa lada tana wurin Allah, cinya kuwa tana wurin mai kaza. Ya yi dariya, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla. Na kau da kai kamar kullum. Matarsa Hajo ta karɓi zakaran ta ce ita za ta fige ta dafa, mai jego ta huta, ni kuma kada in zo in ɓata mata miya da surutu.

Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za a gane abin da ya same ni a gulbi ba.

Mako uku kafin wannan rana, 'yan bindiga sun riga sun ci ƙauyuka biyu gabas da mu. Mai gari ya ce kowane gida ya fitar da namiji ɗaya da bindigar toka. Samarin majami'a suka tsare ni bayan sujada, ƙarƙashin ɗorawa, suka ce in faɗa musu gaskiya. Dokar nan ta shida cikin goman da aka ba Musa, wadda ta hana kisa, shin ta hau kan mutumin da aka biyo har gida za a kashe?

Na ce ta hau. Da ƙarfi na faɗa, ina buga Littafi Mai Tsarki a tafin hannuna. Na ce dokar gajeriya ce, ba a yi mata ƙofa ba, ba a yi mata taga ba. Duk wanda ya huda mata rami yau saboda ɓarawo, gobe zai faɗaɗa shi saboda wanda ya ci masa iyakar gona. Na ce in gudu ya kama mu gudu, mu ɓuya, mu yi addu'a, amma ran wani ba namu ba ne da za mu ɗauka. Na ji daɗin bakina ran nan. Allah ya sani na ji daɗinsa.

Yayana Bulus tsohon soja ne, ya dawo gida da ɗingishi da ƙarancin magana. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce ai shi ma ya iya karatu. Musan da ya sauko da dokar shi ne ya ja mutanensa zuwa yaƙi, to shi bai fahimce ta ba sai Ayuba? Ya ce dokar da wanda ya yi wa ɗan'uwansa kwanto take, ba da wanda ya tsaya a ƙofar gidansa ba. Ya ce wanda ya naɗe hannu ana yanka maƙwabcinsa, shi ma da hannunsa a ciki. Na ce wannan fassarar bariki ce. Ya juyo gare ni.

"Ƙanena, hannunka na da tsabta don wasu ka yi maka ƙazantar. Ko kaza Hamidu ka kashe maka, kai kana lumshe ido kana shan romo."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ba na son a yi mini dariya, halina ne tun ina yaro. Na ɗaga hannuwana biyu gaban jama'a, na ce waɗannan, har in shiga kabari, ba za su ɗauki ran mutum ba, ko da wuƙa tana wuyana. Samari huɗu suka bi maganata. Biyu suka bi Yaya Bulus wurin maƙeri. Mai gari ya ƙyale ni, ya ce malami ko na wane addini ne ba a tilasta masa. Da zancen ya kai kunnen Hamidu, cewa kawai ya yi su ma an hana su kisa, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To, ranar Talatar, ƙarfe tara saura kwata ina bayan gida ina yaɓen rumbu saboda girbi. Ina da agogon hannu, da shi nake buga ƙarfen sujada, shi ya sa nake iya faɗin lokaci. Na ji wata ƙara daga gabas, ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a nesa. Injin niƙa ɗaya ne a garinmu, kuma ya lalace tun Asabar. Kaji suka yi tsit. Wani kare ya fara haushi a unguwar maƙera.

Tara daidai aka yi harbin farko. Bindigarsu ba irin tamu ba ce. Bindigar toka takan ce ɗum, ta yi shiru, mai ita ya durƙusa yana ɗuri. Tasu ba ta numfashi. Na leƙa ta saman danga. Babura ne, mutum uku-uku a kan kowane, fuska a naɗe da rawani. Ban ƙirga su ba. Sun rabu biyu, wasu suka toshe hanyar Zugu, wasu suka shigo ta kasuwa. Sun san garin.

"Ku hita! Gulbi! Ku yi gulbi!"

Ban san muryar wa ba ce. Na faɗa ɗaki da laka a hannuna. Rifkatu tana zaune bakin gado, ɗan a cinyarta, ido a buɗe, ba ta motsi. Na ɗaga ta tsaye. Ta goya shi da zane biyu. Ban ɗauki komai ba. Littafin yana kan taga, na gan shi, na wuce. Muka ratsa ta gidan Hamidu don ya fi kusa da bayan gari. Tukunyar farfesu tana tafasa a tsakar gida, ba kowa kusa da ita.

A lungun masallaci muka ci karo da Yaya Bulus. Ya durƙusa bayan wata katanga da ta zube, shi da mutum biyar, bindiga a kan gwiwa. Bai tashi ba. Ya dubi Rifkatu, ya dubi goyon.

"Bi ta cikin dawa. Kada ku hau hanya. Tahi!"

Na tsaya kamar zan ce wani abu. Ya daka mini tsawa irin ta soja, na tafi. Ban yi taku ashirin ba na ji tasa ta ce ɗum. Wani ya yi ƙara, babur ya faɗi yana ta kuka shi kaɗai. Yayana ya kashe mutum, abin da na ji a raina kuwa daɗi ne. Wannan ma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Muna gudu ina ƙirga bindigogin toka. Sau tara suka yi magana. Bayan ta tara ban sake jin ko ɗaya ba.

Daga gari zuwa mashigi tafiyar rabin sa'a ce ga mai lafiya. Mun yi sa'a guda. Ganyen dawa yana yankar fuska, laka tana cire takalmi. Dama da hagu ana gudu, ba ka ganin mutum, sai karan dawa yana rawa da numfashi. Wata mata tana kiran sunan 'yarta, sunan ɗaya, ba ta fasa ba har muryar ta yi nisa. Tara da rabi hayaƙi ya rufe bayanmu. Warin hatsi ne. Rumbuna suke ƙonawa.

Muka iske Inna Tumba, tsohuwar da ke sayar da daddawa, zaune a tsakiyar kunya ta miƙe ƙafa. Ta ce ta gaji, mu wuce. Muka wuce. Jini ya fara bin ƙafar Rifkatu. Sau biyu tana faɗuwa. A karo na biyun na kwance goyon na rungume ɗan a ƙirjina, na ja ta da hannu ɗaya. Tana cewa in bar ta, ina ce mata ta rufe mini baki. Ban taɓa yi mata magana haka ba.

Goma da minti biyar muka fito bakin gulbi. Jama'a sun fi na ranar kasuwa. Jirgi ɗaya ne, kwale-kwalen Mande, ya riga ya yi sawu biyu yana dawowa na uku.

Kowa a yankinmu ya san dokar Mande, don da jirginsa muke ƙetarewa cin kasuwa. Yakan sa hannu a bakin jirgi ya auna tsakanin katako da ruwa. Yatsa huɗu, a tafi. Yatsa uku, sai wani ya sauka, ko da hakimi ne. Mata da yara a tsakiya, zaune a ƙasa, fuska gaba. Ba a miƙewa, ba a waiwaye, don mutum ɗaya in ya juya jirgi yakan bi shi. In gulbi ya cika, shi yana goshi yana karanta ruwa, wani ƙaƙƙarfa yana baya da filafilin tuƙi na biyu. Wanda ya taya shi sawu biyun farko ya sauka a wancan gefen ya ƙi dawowa.

Mande ya hango ni. Ya san ina da kafaɗa.

"Malam, riƙa wanga! Zamna baya!"

Ya jefo mini filafili na cafe. Da haka na samu wuri a sawun da aka ce na mata da yara ne. Ban ce a ba wani ba.

Hamidu ya iso da Hajo da 'ya'yansu uku. Ya shiga ruwa har ƙugu yana ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ɗaga Rifkatu cak ya zaunar da ita bayan Hajo, ya karɓi ɗan daga hannuna ya miƙa mata. Mata suna ta turowa, yana ta ɗorawa, har Mande ya ce ya isa.

"Ku tahi," in ji Hamidu. "Ni ina jiran sawu na gaba."

Ya koma tudu. Mande ya sa hannu ya auna. Yatsa biyu. Ban taɓa ganin ya tashi da biyu ba. Ya dubi sama, ya tura.

Goma da minti ashirin, ba mu yi nisan jifa ba, babura suka ɓullo daga cikin dawa. Ba su yi tambaya ba, ba su ce kowa ya kwanta ba. Suka buɗe wa taron wuta. Mutane suka faɗa ruwa, waɗanda suka iya iyo da waɗanda ba su iya ba. Ruwan ja ne saboda laka, yana gudu da ciyawa da rassan itace. Kawuna suka nufo mu, don duk faɗin gulbin babu abin kamawa sai mu.

"Kada kowa shi waiwaya!" Mande ne. "Wadda duk taj juya, ruwa za ni jefa ta!"

Hannun farko ya kama bakin jirgi ta hagu, dab da gwiwata. Jirgin ya karkata. Ruwa ya shigo ya rufe mini idon sawu. Mata suka yi kururuwa, ba wadda ta juya. Mande ma bai juyo ba, a ƙafarsa ya ji.

"Malam! Ɓamɓare shi! Buga!"

Ban buga ba. Na sa hannu ina ɓamɓarar yatsun ɗaya-ɗaya, ina cewa yi haƙuri, yi haƙuri. In na cire ɗaya, wanda na cire ya koma. Hannu na biyu ya kama ta dama. Na uku ya kama kusa da shi. Ruwa ya kai ƙugun matan da ke zaune. Na ga Rifkatu ta ɗaga ɗan sama da kanta. Zanen ya jiƙe, ƙafarsa ɗaya ta fito tana rawa.

"Buga, ɗan banza! Mu duka ka nutsewa!"

Na ɗaga filafilin. Katako ne mai nauyi, yashi ya ci gefensa har ya yi kaifi. Na sauke shi a kan yatsun. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Hannun ya buɗe. Na juya dama na buga, na sake bugawa. Ban dubi fuska ba, yatsu kawai nake kallo. Wani hannun da lalle, sabo, ja sosai. Wani ƙarami ne. Ba zan ce na yaro ba ne, ban sani ba, ƙarami ne dai. Jirgin ya ɗan miƙe. Mata biyu suna kwarfar da ruwa da ƙwarya, Mande yana tuƙi yana salati.

Sau biyar ke nan. Mun kai tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi. Na ce a raina an gama.

Sai hannu biyu suka kama can ƙarshen jirgin, a bayana. Jirgin ya yi turus. Ƙarshen ya nutsa, ruwa ya kwararo ta kan cinyata. Na juya da filafili a sama. Wannan karon na ga fuskar, don ta ɗago.

Hamidu ne. Hularsa ta tafi. Jini yana fita daga kafaɗarsa yana bin ruwa. Ya iya iyo, duk garin an sani, amma ba da kafaɗa ɗaya ba. Ya tofar da ruwa.

"Ayuba," ya ce. "Ni na."

Bai ɗaga murya ba. Ya faɗa ne yadda yakan faɗa in ya yi sallama a ƙofar gidana na tambayi wane ne.

Na so a ce ban gane shi ba. Na so a ce hannuna ne ya riga hankalina. Ƙarya ne. Na gane shi, na tsaya, na yi tunani. Na dubi ruwan da ke cikin jirgi. Na dubi bayan Rifkatu, hannuwanta sun fara saukowa da nauyin ɗan. Na dubi bakin jirgi na auna da ido, babu ko yatsa ɗaya.

Na bugi na dama. Bai saki ba. Ya dube ni, ba fushi a idonsa, mamaki ne. Na bugi na hagu da dukkan ƙarfina. Ya saki.

Ruwa ya juya shi sau ɗaya, na ga bayan rigarsa, ban ƙara ganin komai ba. Na mayar da filafilin cikin ruwa na yi tuƙi. Na yi tuƙi da kyau. Daga baya har Mande ya yaba mini.

Goma da rabi muka taɓa tudu. Mata suka rarrafa suka fita, wasu suna amai. Mande ya kife jirgin ya zubar da ruwa, ya ce zai koma. Ya dubi wancan gefen, bai koma ba. Ba wanda ke tsaye a can sai masu babura, suna zagayawa tsakanin waɗanda ke kwance. Jefi-jefi a ji harbi ɗaya. Hajo ta tara 'ya'yanta uku ta zauna ta ba gulbin baya. Ba ta tambaye ni komai ba, na gode wa Allah a raina.

Muka kama hanya a ƙafa. Rifkatu ba ta iya takawa, wani mai amalanke ya ɗauke ta da tsofaffi biyu. Da la'asar muka ratsa wata ruga. Wata Bafillatana ta fito da madara mai ɗumi da busasshen zane, ta ba Rifkatu, ta ce su ma an kwashe musu shanu tun farkon damina. Ta miƙo mini ƙwaryar in sha. Na kasa riƙe ta, ta zube a ƙasa. Matar ta ɗauka yunwa ce, ta koma ta ƙaro.

Ranar Alhamis muka shiga Gummi. Aka sauke mu a wata tsohuwar makaranta. Bayan kwana biyu masu bi na garin suka zo suka kwashi namu gida bakwai, abin da ya rage daga cikinsu. An yi wa Rifkatu allura, jinin ya tsaya. Ɗan bai ko yi tari ba.

Bayan kwana huɗu wasu maza suka koma da rakiya don binne mutane. Ban bi su ba, na ce matata ba ta da lafiya. Sun iske Yaya Bulus a bayan katangar nan tare da mutum biyar ɗin, ba wanda ya gusa daga wurinsa. Samari biyun da suka bi shi suna cikinsu. Sun iske Inna Tumba a kunyar da muka bar ta. Samari huɗun da suka bi maganata kuwa, uku an same su cikin majami'a. Sun kulle ƙofa sun durƙusa, kamar yadda na koya musu.

Hamidu masunta ne suka tsamo shi a rana ta shida, can ƙasa inda gulbi ya yi kwana. Wanda ya yi masa wanka ya ce yatsunsa a karye suke, hannu biyu duka. Aka ce duwatsu ne, ko wani gungumen da ruwa ya kwaso. Ina wurin ana faɗa, na gyaɗa kai tare da kowa.

Tsohon faston garin, wanda ya sauke mu a gidansa, ya ce in yi karatu ranar Lahadi. Na ce maƙogwarona yana ciwo. Har yau yana ciwo. Na juya maganar da muka yi ƙarƙashin ɗorawa ta kowace fuska, na gaji. Fassarar Yaya Bulus tana da wurin da ta ajiye wa Yaya Bulus, shi ya harbi wanda ya zo kisa. Tawa ba ta ajiye wa kowa wuri ba. Abin da na yi kuwa bai shiga ko ɗaya ba. Hamidu bai zo kashe ni ba, shi ne ma ya ɗora mini mata a jirgi. Wata rana na ba faston labarin, na ɓoye suna. Ya ce Ubangiji yana ganin tilas, ya ce in tuna da rayukan da ke cikin jirgin, da ban buga ba da duk sun tafi. Da kirki ya faɗa, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Na yi masa godiya. Maganar ba ta wuce kunnena ba.

Rifkatu ba ta sani ba. Takan ce wa mutane mijinta ne ya tuƙa su suka tsira. Ɗan yana nan da ransa, yana ƙiba, yana damun maƙwabta da kuka. Ina son sa, kuma akwai ranakun da ba na iya ɗaukarsa.

Hajo tana gidan wani ƙanenta a bayan kasuwa. Na jira har ta fita takaba. Wata safiya na same ta a rijiyar burtsatse, ta cika bokiti, layi ya watse. Na gaishe ta, na tambayi yara. Na tsaya ina murza hula a hannu.

"Hajo, akwai maganar da ni ka son in hwaɗa maki. Ranar gulbi..."

"Malam, bari," ta ce. "Na jiya."

Ba ta dube ni ba, bokitin take kallo.

"Muryar da nij ji shekara ashirin ba ta ɓace mani don tana cikin ruwa. Na ji ya kira sunanka. Na ji bugu biyu." Ta gyara ganwo a kanta. "Ɗiyana ukku na gabana. Mande ya ce kada a waiwaya. Ban waiwaya ba."

Wata yarinya ta zo ta fara buga famfo.

"Aza mani," in ji Hajo.

Na kama bokitin na aza mata. Ta tafi, ruwa yana ɗiga a bayan hijabinta. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. In mun haɗu a hanya muna gaisawa.

Mu ashirin da shida muka sauka daga jirgin Mande a wannan sawun, har da jarirai. Sau bakwai na sauke filafilin. Biyu na Hamidu ne. Sauran biyar ɗin ban san ko mutum biyar ba ne, ko huɗu, ko uku. Na yi ta tambaya a hankali, kamar mai hira, su wa da wa suka faɗa ruwa ran nan ba a gan su ba, wace ce kuma ta yi lalle a wannan makon. An ba ni sunan mata uku. Dukansu na san su, na san mazajensu. Har yau ban san wacce ba ce.